"Na ji daɗin labarin, amma raina bai kwanta ba": amsa ga ɗaliba kan littafin leƙen asiri

Wata ɗaliba mai karatun adabi ta aiko mini da tambaya. Ga ta a taƙaice: "Malam, an ba mu wani ƙagaggen labari na leƙen asiri mu yi masa sharhi. Cikin kwana biyu na gama shi, don na kasa ajiyewa. Amma abu uku sun tsaya mini a rai. Akwai babin da tauraron ya ɗaure wani mutum a kujera yana gana masa azaba don ya faɗi inda aka dasa bam, sai na ji ina cewa a raina, ƙara masa. Sannan ya kashe mutane da yawa, ba wanda ya tuhume shi. Na uku, ya yaudari wata mata ma'aikaciyar ofishin jakadanci da sunan so don ya samu takardu, daga baya aka ce ya kamu da sonta da gaske, ni kuma na ƙagu in ga sun ƙare tare. Yanzu kunyar kaina nake ji. Littafin ne mugu, ko ni ce? Kuma me zan rubuta?"

'Yata, na ji daɗi da kika faɗi abin da kika ji ba kwaskwarima. Ki sauke kunyar nan tukuna. Na daɗe ina koyar da nazarin ƙagaggun labarai, kuma ɗalibin da ke tayar mini da hankali shi ne wanda zai wuce babin azabtarwa kamar ya sha ruwa, in tambaye shi abin da ya gani ya ce, "Ai labarin ya yi daɗi, Malam." Ke kin ji daɗin, kin kuma ji wani abu yana sukarki a ƙarƙashinsa. Da wannan sukar za ki rubuta sharhinki. Kalmar "ƙara masa" kuwa marubucin ne ya ɗora miki ita a harshe. Shafuka masu yawa ya yi yana share hanya don ya kai ki daidai inda za ki furta ta, kuma aikin mai nazari shi ne ya juya ya bi sawu, ya ga ta inda aka biyo da shi.

Ki sake buɗe babin da fensir a hannu. Da idon wa kike kallon ɗakin? Tun shafin farko kina cikin kan tauraron. Kin san abin da ke hana shi barci, kin san amininsa da aka kashe, kin san tabon da ke kafaɗarsa da yadda ya samo shi. To, wanda ke ɗaure a kujerar fa? Ki duba ko an ba shi cikakken suna, ko an ce yana da uwa, ko an bar ki kin leƙa zuciyarsa ko da na sakin layi ɗaya. A yawancin littattafan wannan fanni, abin da ake ba mu game da shi bai wuce warin gumi da murmushin mugunta da karyayyen harshe ba. Sai ki duba agogo. An gaya miki saura minti nawa, jimlolin suka gajarce, numfashinki ya bi su. Wataƙila babi ɗaya kafin nan an nuna miki tashar jirgin ƙasa cike da mutane, da wata yarinya riƙe da hannun kakarta. Duk wanda aka bi da shi ta wannan hanya, "ƙara masa" zai ce.

Akwai wata kyauta da marubucin ya yi miki wadda ta fi duk waɗannan nauyi, wato yaƙini. Ya tabbatar miki akwai bam ɗin. Ya tabbatar miki wannan ne mutumin, don da idonki kika gan shi yana haɗa wayoyi a wani babi. Ya tabbatar miki ya san wurin, kuma idan azaba ta kai azaba gaskiya zai faɗa, a kan kari. Shi ya tsara duniyar, don haka duk abin da ya ga dama shi ke faruwa. A wajen littafi ba mai ba jami'i ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A watan Disamba na 2014 kwamitin Majalisar Dattawan Amurka mai sa ido kan hukumomin leƙen asiri ya fitar da taƙaitaccen rahoto mai shafi kusan 500, daga cikin babban rahoto mai shafi sama da 6,000, kan yadda hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta tsare mutane ta yi musu tambayoyi bayan harin 11 ga Satumba na 2001. Rahoton ya ƙidaya mutum 119 da aka tsare, ya ce aƙalla 26 daga cikinsu bisa kuskure aka riƙe su. Ki tsaya a kan wannan adadi: mutum 26 a tsare bisa kuskure, alhali littafinki ya rantse miki mai laifi ne kawai ke hawa kujerar nan. Wani fursuna, Gul Rahman, sanyi ya kashe shi a 2002 yana ɗaure da sarƙa a kan siminti a wani kurkukun sirri a Afghanistan. Kwamitin ya yanke cewa azabtarwar ba ta zama ingantacciyar hanyar samun bayani ba. Hukumar ta musanta wannan hukunci, ta ce an samu bayanai masu amfani, kuma adalci ne in faɗa miki hakan. Amma ga wani labari da ke nuna inda gizo ke saƙa. Wani ɗan Libiya, Ibn al-Shaikh al-Libi, da aka miƙa shi Masar aka matsa masa, ya ce gwamnatin Iraƙi ta horar da 'yan Alƙa'ida kan makamai masu guba. Sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya kafa hujja da wannan magana a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Fabrairu na 2003, gab da mamaye Iraƙi. A 2004 mutumin ya janye maganar, ya ce ƙirƙira ya yi don a sassauta masa. Wanda ake gana wa azaba abin da zai tsayar da azabar yake nema, ko gaskiya ko ƙarya, mai tambayar kuma ba shi da ma'aunin rarrabewa a cikin minti goma da agogon labari ya ba shi.

Abin da littattafan nan ba su cika nunawa ba, don ba ya sa zuciya bugawa, shi ne mai tambaya mai haƙuri. A Yaƙin Duniya na Biyu akwai wani Bajamushe, Hanns Scharff, da ya shahara wajen tatsar bayani daga matuƙan jiragen yaƙin Amurka da aka kama. Ba ya duka. Yakan yi nazarin mutum sosai kafin su haɗu, ya fita yawo da shi cikin daji suna hira, ya nuna kamar ya riga ya san komai, har fursunan ya gyara masa wani kuskure da ya yi da gangan, bai san ya ba da abin da ake nema ba. Sannan ki riƙe cewa Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Hana Azabtarwa ta 1984 ta rufe wannan ƙofa ruf: ta ce babu wani uzuri, ko yaƙi ko barazanar yaƙi ko dokar ta-ɓaci, kuma umarnin na gaba ba ya wanke wanda ya aikata. Waɗanda suka rubuta ta sun san da labarin bam mai agogo. Sun kuma san cewa duk gwamnatin da aka ba wannan uzuri sau ɗaya, kullum sai ta ce agogonta na tafiya.

Duk da haka ba na so ki rubuta "azabtarwa laifi ce, saboda haka littafin ya yi kuskure" ki sa aya. Wannan wa'azi ne, kuma mai duba takardarki ya riga ya yarda da shi. Marubuci yana da 'yancin ya jefa tauraronsa cikin halin gaba kura baya sayaki, don rayuwa ma takan yi haka. A 1973 masanin falsafar siyasa Michael Walzer ya yi wani rubutu da har yau ake muhawara a kansa, kan abin da ya kira ƙazamin hannu. Ya kawo misalin shugaban da ya ba da umarnin a azabtar da wani don a gano bama-bamai. Matsayinsa shi ne, ko da za a ce dole ta sa shugaban ya yi haka, laifin na nan bai goge ba, kuma alamar mutumin kirki ita ce ya san ya ɗauki laifi, ya yarda ya biya. Mutane da yawa ba su yarda da rabin farko na maganarsa ba, ni ma ina cikinsu. Amma rabi na biyu ma'auni ne mai kyau ga mai nazarin adabi. Ki duba abin da ya faru da tauraronki bayan ya fito daga ɗakin nan. Hannunsa ya yi rawa? Ya iya kallon kansa a madubi? Abin ya dawo masa a babi na gaba, ko kuwa ya wanke hannu ya gyara kwalar riga labari ya ci gaba? Idan marubucin ya bar shi ya fita fes, to ya sayar miki da azabtarwa kyauta, ya ɓoye kuɗin a inda ba za ki gani ba. Wannan shi ne abin da za ki tuhume shi da shi, da lambar shafi.

Batun kashe-kashen kuma, yawan jini ba shi ne ma'auni ba. Marubutan wasan kwaikwayo na tsohuwar Girka galibi ba sa nuna kisa a kan dandali, sai wani manzo ya shigo ya ba da labari, amma masu kallo su tashi jikinsu a mace, domin an sa sun san wanda ya mutu. A wani gefen, littafi kan iya kwatanta rauni dalla-dalla har ki kau da kai, ya kuma fi gaskiya, don ya hana ki ɗaukar mutuwa da sauƙi. Kisan da na fi tsoro a labari shi ne mai tsabta: mai gadi ya faɗi ba ƙara, tauraro ya tsallake shi, jimla ɗaya an wuce. Nakan ba ɗalibaina wani aiki, ke ma ki gwada. Ki ɗauki takarda ki jera duk wanda ya mutu a littafin, a gaban kowa ki rubuta ko yana da suna, da ko wani ya sake ambatonsa bayan mutuwarsa. Wani ɗalibina ya taɓa yin haka ya zo mini da shafi cike da gawawwaki, masu suna a ciki ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Malam, direban nan ai ba abin da ya yi, tuƙi kawai aka ɗauke shi." Sau biyu ya karanta littafin kafin nan bai ga direban ba.

Irin wannan direba yana da suna a duniyar gaske. A watan Yuli na 1973, a wani ƙaramin gari na ƙasar Norway mai suna Lillehammer, jami'an Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, suna farautar Ali Hassan Salameh, wanda suke zargi da hannu a kisan 'yan wasan Isra'ila a gasar Olamfik ta Munich a 1972. Suka ga wani mutum suka tabbatar wa kansu shi ne. Da dare ya fito daga sinima tare da matarsa mai tsohon ciki, suka sauka daga bas suna takawa zuwa gida, mota ta tsaya aka buɗe masa wuta a gabanta. Sunansa Ahmed Bouchikhi, ɗan Maroko, sabis yake yi a gidan cin abinci, ba ruwansa da komai. Ƙwararru ne suka jagoranci aikin, sun yi sa ido, sun gwada hoto, suka kashe wanda ba shi ba. Hukumomin Norway sun kama shida daga cikinsu, kotu ta ɗaure biyar. Sai a 1996 Isra'ila ta biya iyalinsa diyya, ba tare da ta amsa laifi a hukumance ba. Tauraron littafinki ya taɓa yin kuskure irin wannan? Idan harsashinsa bai taɓa samun marar laifi ba tun daga bango har bango, ki sani marubucin ne ke riƙe masa hannu.

Kin ce ba wanda ya tuhume shi. Dalili shi ne littafin ya roƙe ki, a ɓoye, ki amince cewa waɗanda suka aike shi sun san abin da suke yi. Tarihi bai ba da wannan amana ba. Binciken da kwamitin Sanata Frank Church na Majalisar Dattawan Amurka ya yi a 1975 ya tona yadda CIA ta ƙulla makircin kashe shugabannin wasu ƙasashe, ciki har da Fidel Castro na Kyuba da Patrice Lumumba na Kwango, abin da ya kai Shugaba Gerald Ford ga sa hannu a dokar hana kisan gilla na siyasa a 1976. Hanya mafi sauƙi ta gwada littafin ita ce ki sauya tuta. Ki ɗauki duk abin da tauraron ya yi ki ɗora wa jami'in ɗaya ɓangaren, ki ga ko za ki kira shi jarumi. Kim Philby babban jami'i ne a MI6, hukumar leƙen asirin Birtaniya, alhali Mosko, wato Tarayyar Sobiyet, yake yi wa aiki. A 1945 wani jami'in Sobiyet a Istanbul, Konstantin Volkov, ya nemi sauya sheƙa tare da alƙawarin tona 'yan leƙen asirin da ke cikin gwamnatin Birtaniya, sai aka damƙa maganar a hannun Philby. Aka kwashe Volkov da matarsa zuwa Mosko, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A Landan sunan Philby maci amana. A Mosko, inda ya gudu a 1963, an binne shi da girmamawa a 1988, aka buga hotonsa a kan tambarin aika wasiƙa a 1990. Wanzami ba ya son jarfa, kuma littattafan da suka fi daraja a wannan fanni, waɗanda wasu daga cikin marubutansu sun taɓa yin aikin da kansu, su ne masu tilasta wa tauraro ya ga kamanninsa a fuskar abokin gabarsa.

Yanzu ga soyayyar, wadda a ganina nan ne ciwon ya fi zurfi, ko da yake ba digon jini ko ɗaya a wurin.

Abin da tauraronki ya yi wa matar nan sana'a ce mai tsari. A zamanin Yaƙin Cacar Baka, sashen leƙen asirin waje na Jamus ta Gabas, wanda Markus Wolf ya shugabanta sama da shekara 30, ya riƙa tura maza zuwa Bonn, hedikwatar Jamus ta Yamma a lokacin, su nemi sakatarorin ma'aikatu da ofisoshin jam'iyyu. Ana zaɓar wadda kaɗaici ya dama, a binciki rayuwarta, a san abin da take so da abin da ta rasa, sannan a turo mata mutumin da aka ɗinka daidai da ita. Ba lallai ya zama kyakkyawa ba. Mai sauraro ake nema, mai tuna ranar haihuwa. Sai so ya kama sosai sannan a fara roƙon takarda ɗaya, wai don a taimaki aikinsa. Wasu an ce musu wata ƙasa ƙawa suke taimaka wa, wata har ɗaurin aure na bogi aka shirya mata. Da asiri ya tonu, matan ne suka tsaya a gaban alƙali, mazan kuwa da yawa sun riga sun tsallake iyaka. Ki yi tunanin mace ta wayi gari ta gane cewa haɗuwarsu ta farko, wadda take ba ƙawayenta labari tana murmushi, a ofis aka tsara ta, akwai fayil mai lamba.

A cikin Jamus ta Gabas ɗin kanta, Vera Lengsfeld, 'yar gwagwarmaya wadda daga baya ta zama 'yar majalisa, ta gano bayan haɗewar Jamus cewa wanda ya yi shekaru yana kai rahotonta ga 'yan sandan ciki na Stasi da sunan ɓoye "Donald" mijinta ne, uban 'ya'yanta. Kada kuma ki ɗauka abin na ƙasashen kama-karya ne kawai. A watan Nuwamba na 2015 rundunar 'yan sandan birnin Landan ta fito fili ta nemi gafarar mata bakwai waɗanda jami'anta na ɓoye suka yaudara suka yi zaman soyayya da su na tsawon lokaci, don su kutsa cikin ƙungiyoyin masu fafutuka. Rundunar da kanta ta amsa cewa abin cin zarafi ne da yaudara. Akwai jami'in da har ɗa ya haifa da sunan ƙarya, sannan ya ɓace.

Na kawo waɗannan ne don ki ga abin da kalmar "daga baya ya kamu da sonta da gaske" take rufewa. Ba na cewa hakan ba ya faruwa. Zuciya ba ta bin umarnin ofis, kuma mutum kan faɗa ramin da ya haƙa. Amma ki lura da aikin da wannan juyi yake yi a cikin zubin labarin: yana ɗauke hankalinki daga abin da aka yi mata ya mayar da shi kan abin da shi yake ji. Kafin juyin, ita ce abin tausayi. Bayansa, sai ga mu muna tausaya masa, bawan Allah, aiki na ja so na ja. Son da ya zo daga baya sai ya zama sabulun wanke ƙaryar farko. Ita kuwa wa ta so? Sunan da take kira ba nasa ba ne, iyayen da ya ba ta labari babu su, abin da ya sa ya fara yi mata magana takardun da ke cikin durowarta ne. Ta ce "na yarda" ga mutumin da babu shi. Duk zafin son da ya ji daga baya bai mayar mata da damar da aka ƙwace mata ta zaɓa da idonta a buɗe ba.

Saboda haka ki tambayi littafin: ya gaya mata gaskiya da bakinsa, a lokacin da faɗin zai iya jawo masa asara, ko sai da ta gano? Da ta gano, an ba ta shafi nawa ta yi fushi? Me ta rasa, aikinta, 'yancinta, mutuncinta a idon ƙasarta, kuma wa ya ƙirga? Akwai wata hanyar gudu da marubutan wannan fanni suka saba bi, ki sa mata ido. Idan matar ta zame wa labari ƙaya, sai a kashe ta a babi na kusa da ƙarshe, tauraro ya rungumi gawa ya yi kuka, mutuwarta ta zama ƙarin zurfi a gare shi. Ko kuma a bayyana cewa ita ma tun farko 'yar leƙen asiri ce, shi ke nan an yi kunnen doki, ba mai bin wani bashi. Duka biyun dabara ce ta hana a zauna a yi hisabi.

Ko so na gaskiya ma wannan aiki kan cinye shi. Oleg Gordievsky, jami'in KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, da ya yi wa Birtaniya aiki, an fitar da shi daga Tarayyar Sobiyet a 1985 a cikin but ɗin mota ta kan iyakar Finland. Ya bar matarsa da 'ya'yansa mata biyu, ita ba ta san komai game da rayuwarsa ta biyu ba. Sai a 1991 aka bar su suka iske shi a Ingila, auren kuma bai ɗore ba. Wannan aure ne da ba a ƙulla shi don a ci da ita ba, amma ɓoye-ɓoyen ya ishe shi.

To me ya sa kika so su ƙare tare? Domin kin yi ɗaruruwan shafuka a duniyar da kowa ke ƙarya, ƙishin abu ɗaya na gaskiya ya kama ki, marubucin kuma ya san da ƙishin, shi ya haddasa shi, sai ya miƙo miki wannan soyayya. Son ganin mutum biyu sun tsira da juna ba aibi ba ne a zuciyar mai karatu. So hana ganin laifi, in ji masu magana, kuma ya hana ki gani na ɗan lokaci, sannan idonki ya buɗe tun ba wanda ya ce miki komai.

Game da rubutun, kada ki ɓata shafi kina maimaita labarin, malaminki ya karanta. Kada kuma ki yi ƙoƙarin ɗaukar abu ukun da nauyi ɗaya. Ki zaɓi fage ɗaya ki zauna a kansa, sauran su zo a matsayin shaidu. Ki fara da abin da kika gaya mini, cewa kin ce "ƙara masa", don sharhin da ya fara da gaskiyar mai karatu ya fi wanda ya fara da rigar alƙali. Daga nan ki nuna, da jimlolin marubucin kansa, yadda aka kai ki can: ta bakin wa ake ba da labari, me aka sanar da ke, me aka ɓoye, ina jimla ta gajarce, wa aka hana suna. Ki yaba gwanintar inda ta cancanci yabo, domin littafin da ya hana ki barci kwana biyu ba a banza ya yi ba. Sannan ki yanke hukunci, kada ki laɓe a bayan "kowa da ra'ayinsa".

Nawa hukuncin, bisa abin da kika kwatanta, shi ne marubucin gwani ne wajen jan zare, amma a babin kujerar nan bai yi miki adalci ba, don ya ɗaure duk ƙofofin shakka kafin ya tambaye ki ra'ayi. Soyayyar kuwa hukuncinta na wuri ɗaya. Ki koma shafin da matar ta gane ko shi wane ne, ki ƙirga layukan da aka ba ta da waɗanda aka ba shi, ki ga a kan fuskar wa labarin ya tsaya sa'ad da aka rufe babin. Ki rubuta abin da kika samu a sakin layi biyu ki turo mini, mu duba tare kafin ki miƙa. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara basira.